Tagar alminiyom da ƙurar Damagaram: shaidata bayan hunturu biyu

Tun ranar da na sa gilashi a fuskar shagona ban huta da tambaya ba. Wanda ya zo fotokofin katin ɗan ƙasa sai ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa ya ce nawa ka kashe. Maƙwabcina mai sayar da salula ya tambaye ni ya fi sau biyar ko da gaske ƙura ta daina shiga. Nakan ce masa ya dakata, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. To, gilashin bai kai arba'in ba, amma ya ga hunturu biyu da bazara da damina a tsakaninsu, ina ganin ya isa a ba da shaida.

Sana'ata fotokofi ce da bugun takardu da ɗaurin kundi. Ɗaki ɗaya ne, mita 4 da 3, ba nisa da kasuwar Dole, fuskarsa na kallon gabas ta ɗan karkata arewa. Duk ɗan Damagaram ya san ma'anar wannan: daga Nuwamba har Maris iska ba ta yi mini sallama, kai tsaye take faɗowa. Jogarafi na karanta a jami'a, aikin gwamnati bai samu ba na kama wannan. In kun ga na zarce da zancen ƙasa da iska ku yi mini uzuri, karatun da bai ba ni albashi ba ya bar mini surutu.

Da can ƙofar ƙarfe ce mai ganye biyu, a wangale tun safe har magariba, don in ka rufe duhu ne, kuma ba wanda zai san kana ciki. Tagar irin ta masu walda ce mai ramuka a jere. Abin da ya kai ni bango shi ne ranar da wata ɗaliba ta jami'ar André Salifou ta kawo kundinta na kammala karatu, shafi ɗari da wani abu, kofi huɗu, washegari za ta miƙa. Kowane shafi ya fito da baƙin layi siriri daga sama har ƙasa. Mai gyara ya zo ya buɗe injin, ya zaro tambur, wato mulmulallen bututun da ke ɗora rubutu a kan takarda, ya ɗaga shi wajen haske, ya nuna mini zane-zane kamar an ja allura a jikinsa. Ya ce, "Mushe (wato malam, da Faransanci), injinka lafiyarsa lau, ƙasa kake ba shi yana ci." A shekarar nan sau biyu na canja tambur. Robar da ke jan takarda ta yi santsi tana ta zamewa, takarda na maƙalewa. Na lissafa kuɗin gyara na ga gara in toshe ƙofar ɓarna.

Ba zan kama sunan shagon da ya yi mini aikin ba, don akwai yabo akwai kuka a maganata, kuma gari ɗaya muke kwana. Masu aikin alminiyom ne a nan cikin gari, maigida da yara uku. Ranar da ya zo awo ya bugi ƙirji ya ce, "Mushe, in na gama maka, ko iska ba za ta shiga ba." Na ce, "Haba maigida, in iska ba ta shiga ba ai gawata za a fitar." Muka yi dariya, muka yi ciniki. Ƙofar gilashi ɗaya mai turawa da taga ɗaya mai ganye biyu masu gudu a kan layi, da ragar sauro, jaka 285 ta sefa, bayan ya fara daga 340. Na ba da rabi. Ya ce kwana 10. Sai da aka yi 24, wai sandunan ba su iso daga Kano ba. Wannan ban riƙe shi da zafi ba, duk wanda ke jiran kaya daga kudu ya san halin hanya.

Aikin sawa yini ɗaya ne, kuma a ido ya yi kyau. Shagon ya yi haske, mai wucewa na ganin ina ciki, har ciniki ya ɗan ƙaru a watan farko don mutane na ɗauka sabon wuri ne. Ƙarar kabu-kabu ma ta ragu sosai, abin da ban saya ba na samu gyara.

Sai batun da ya sa na kashe kuɗin. Abin da muke haɗawa mu ce ƙura kaya biyu ne, tafiyarsu ma daban, kuma gilashin nan ɗaya ya ci da yaƙi, ɗayan kuwa sulhu suka yi.

Na farko rairayi ne. Ƙwayar rairayi tana da nauyi, iska ba ta iya ɗaukarta ta yi sama da ita. Tsalle take yi: iska ta fizge ta, ta yi ɗan tashi, ta faɗo ta bugi 'yan uwanta, su ma su yi tsalle, manyan da suka fi ƙarfin tsalle kuma su yi ta mirginawa a ƙasa. Wani sojan Ingila mai suna Ralph Bagnold, wanda ya yi yawo a hamadar Libiya, shi ya bayyana wannan dalla-dalla a 1941, har yau da aikinsa ake koyarwa. Yawancin wannan tsalle bai wuce gwiwar mutum zuwa ƙugu ba. Shi ya sa in iska ta taso kana kan titi ƙwaurinka ke jin kamar ana watsa maka allurai, fuskarka kuwa ba ta jin haka. Ku duba gindin bangon da ke kallon gabas a unguwar Birni ko Zango, za ku ga ƙasan ya fi saman cinyewa. A da kowace yamma yarona sai ya kwashe rairayi kusan cikin kwanon sha daga tsakar shagon. Yanzu babu. Yana taruwa a waje, a jikin dakalin ƙofa, ya yi ɗan tudu mai gangare kamar ƙaramin tudun rairayin Gudumariya, mu share shi da tsintsiya. A nan kam gilashin ya biya kuɗinsa, ba ni da ta cewa.

Na biyu ita ce buɗa, farin hazon nan da kan rufe gari har ka kalli rana ido da ido kamar faranti, ka tsaya a bakin kasuwa ba ka hango duwatsun Birni. Wannan ba daga titinmu ta taso ba. Babbar mahaifarta wani kwari ne a arewacin Cadi da ake kira Bodele, wajen Faya-Largeau, kimanin kilomita 1000 daga nan. Shekaru kamar 7000 da suka wuce wurin ƙasan tafki ne, lokacin da tafkin Cadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000 ko fiye. Ruwan ya janye ya bar farar ƙasa mara nauyi, wadda akasarinta ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya gani. Iskar arewa maso gabas kuma in ta zo sai ta matse tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, kamar yadda ruwa ke ƙara ƙarfi in ka matse bakin tiyo, ta fito ta auka wa wannan farar ƙasa. Kwana kusan 100 a shekara wurin na tayar da ƙura, babu inda ya kai shi a duniya. Wani abin sha'awa, garin ƙasa mai laushi ba ya tashi da sauƙi shi kaɗai, don yana manne da juna. Sai ƙwayoyi masu tsalle sun yi ta dukansa suna farfasa shi kamar ana daka a turmi, sannan ya tashi. In ya tashi kuwa ya tashi ke nan, ya hau sama kilomitoci, ya yi kwana da kwanaki bai taɓa ƙasa ba. Yankin Bilma ma na ba da nasa kason.

Mu a Damagaram muna bakin hanya ne kawai. Wadda ta wuce mu ta sauka Kano da Zariya, ta kai Legas, ta faɗa tekun Atlantika. Masanin halittu ɗan Ingila Charles Darwin ya tattara irinta a kan jirgin ruwa kusa da tsibiran Kap Verde tun 1832. A 2015 masana na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suka fitar da lissafi daga tauraron ɗan adam: tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara ta yamma kowace shekara, kusan miliyan 28 daga ciki na sauka a dajin Amazon, ɗauke da sinadarin fosforas kimanin tan 22,000, wato taki kyauta. Abin da ya ƙetare teku ya je Kudancin Amurka, shi maigida ya yi mini alkawarin zai tare da gilashi da silikon, wato ɗankon toshe rata.

Satin farko da buɗa ta sauka bayan an gama aikin, na buɗe shago da safe na shafa yatsa a kan murfin injin. Ya fito fari. Raina ya ɓaci. Don in tabbatar ba zargi nake ba, na yi irin gwajin da muka taɓa yi a aji. Na samo gorar ruwa uku ta roba mai haske. A ta farko na zuba abin da na share a waje bakin ƙofa. A ta biyu abin da na kwakulo daga cikin layin da taga ke gudu a kai. A ta uku abin da na tattara da gefen takarda daga saman kabad, sai da na haɗa na kwana biyar kafin ya kai cokali ƙarami. Na cika su da ruwa, na girgiza, na jera a kan tebur. Ta waje kafin in ƙirga sittin ta kwanta, ruwan ya kusa washewa, ja-ja a ƙasa. Ta layin taga ta rabu biyu, rairayi siriri a ƙasa nan take, sannan wani laushi mai ruwan toka ya yi ta sauka a kansa har azahar. Ta saman kabad kuwa har washegari ruwan na nan kamar an ɗiga madara. Na ɗanɗana kowanne a haƙori, yarona na kallona kamar na taɓu. Ta waje ƙaras-ƙaras, ta taga ɗan gurzawa kaɗan, ta kabad kamar garin alkama.

Abin da gorunan suka nuna a ruwa haka yake a iska. Ana auna waɗannan ƙwayoyi da mikiron, wato milimita ɗaya a raba 1000. Gashin kai yana da kauri kamar mikiron 70. Daga 63 zuwa sama rairayi ne, daga nan zuwa 2 turɓaya mai laushi, ƙasa da 2 kuma yumɓu. Saurin faɗuwarsu ba ya tafiya daidai da girmansu: in ka rage girman ƙwaya da rabi, saurin saukarta kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. A ɗaki mai tsawon mita 3 da iska ba ta motsi, ƙwaya mai mikiron 10 za ta sauko daga silin zuwa ƙasa cikin minti shida ko bakwai. Mai mikiron 1 sai ta yi awa goma tana lilo.

Da na zauna da wannan lissafi sai na gane rabin laifin ba na maigida ba ne. Ƙurar da nake sharewa da safe ba da dare ta shigo ba. Jiya da rana ta shigo, ta ƙofar da ni da kaina nake buɗe wa kowane mai fotokofin dala biyar, sau ɗari ko fiye a yini. Kowane buɗi iskar waje ta shigo da kayanta, fanka na juya ta ba ta samun zama. Sai na kulle na tafi gida, iskar ɗakin ta natsu, ita kuma ta kwana tana sauka a kan inji da takardu. Haka ma garin gaba ɗaya yake yi: iskar hunturu na ƙarfi da hantsi, ta lafa da yamma, da asuba ka tarar da farin gari a kan sirdin mashin da ganyen dalbejiya.

Ɗaya rabin kuwa nasa ne, kuma zan faɗa. Taga mai gudu a kan layi ba ta taɓa rufewa ruf, dole a bar mata sarari ta zame. Abin da ke toshe sararin wani siririn buroshi ne mai gashi da ake zurawa a gefen ganyen. Wanda suka sa mini gajere ne, ko sauro mai naci zai iya ratsawa. Na gane haka ne da na kunna tocilan salula daga waje da dare, yarona na ciki yana nuna mini inda haske ke ɓullowa: tsakiyar da ganyayen biyu suka haɗu, da duka kusurwoyin ƙasa. Sannan a saman ƙofa ta hagu, inda bangon magini ya karkace, akwai rata da yatsa zai shiga. Maimakon su cike da siminti sai suka cusa takardar buhun siminti suka shafe da silikon. Zafin bazara ya busar da shi ya ɓare, takardar ta leƙo. Ƙarƙashin ƙofar ma babu robar shara, rata ce ta kusan santimita ɗaya.

Na koma wurinsa. Ban je da faɗa ba, na je da gorar nan ta uku a hannu. Ya jujjuya ta ya ce, "Mushe, wannan ai ikon Allah ne, ko fadar Sarki tana shiga." Na ce gaskiya ne maigida, amma takardar siminti ba ikon Allah ba ce. Ya yi shiru, ya kira babban yaronsa ya yi masa faɗa a gabana, irin faɗan da ake yi don baƙo ya ji. Bayan kwana uku yaron ya zo ya cike ratar da siminti yadda ya kamata, bai karɓi ko dala ba. Buroshi mai dogon gashi kuwa sai da na biya jaka 6, wai ba ya cikin cinikin farko. Na biya, amma har yau ina ganin da an faɗa mini tun ranar awo akwai iri biyu, da na zaɓa da kaina.

Bayan wannan gyara abin ya ragu ƙwarai. Ba ni da na'urar awo, amma ina da takarda. Ina ajiye farar takarda ɗaya a saman kabad in kulle shago. A da, dare ɗaya ya isa in rubuta sunana a kanta da yatsa. Yanzu sai ta kwana uku ko huɗu kafin rubutu ya fito, in ba ranakun da buɗa ta yi tsanani ba. Tambur ɗin da ke cikin injin ya haura shekara bai yi zane ba. Tarin da nake fama da shi kowane Janairu ma ya yi sauƙi, duk da ba zan rantse gilashi ne ya yi maganinsa ba. Kada kuma wani ya ɗauka taga rigakafi ce. Lokacin ƙura da bushewar iska shi ne lokacin sanƙarau a ƙasashenmu, don hanci da maƙogwaro na bushewa su tsattsage, mun kuma ga yadda ya ɓarke a jihar nan daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023. Wannan maganin allura ne, a kai yara.

Akwai wahalhalu biyu da ba wanda ya gaya mini. Layin da taga ke gudu a kai tarko ne. Iska in ta bugi ragar sauro sai gudunta ya karye, abin da take ɗauke da shi ya zube nan cikin ramin layin. Cikin sati biyu ƙafafun tagar suka fara kuka, ta koma sai an sa ƙarfi. Yarona, da kyakkyawar niyya, ya ɗiga mata baƙin mai. Ranar na ga abin da ya fi ƙarfina, mai da ƙura suka haɗu suka zama kwaɓin da sai da muka cire ganyen muka wanke da kananzir. Tsohon buroshin haƙori da busasshen tsumma, sau biyu a sati, shi ke nan abin da take so. Shi gilashin kuwa akasin haka ne, kada a kuskura a goge shi a bushe. Ƙwayar rairayi ta fi gilashi tauri. In ka murza ta da tsumma, zane take bari. Ƙasan ƙofata ya riga ya yi dishi-dishi saboda haka. Sai a fara watsa ruwa ya wanke ƙasar tukuna, abin da ke da ciwo a garin da ake sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa, amma buta ɗaya na isa.

Wahala ta biyu zafi. Afrilu da Mayu, rana ta fito ta gabas ta daki gilashin, injin na fitar da nasa zafin, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, fanka ta tsaya. Ɗakin ya koma tanderu. Dole in wangale ƙofa, ƙura ta shigo abinta. Sai da na kafa rumfar zana a gaba kafin wurin ya zaunu. Duk mai shagon da ke kallon gabas ko yamma ya sa kuɗin rumfa cikin lissafinsa tun farko.

Ranar da na fi gode wa gilashin kuwa a farkon damina ce. Kun san irin hadarin nan na Yuni da ke turo jar ƙura a gabansa, bango guda daga gabas, la'asar ta koma dare. Iskar sanyi ce ke zubowa daga cikin hadarin ta bazu a ƙasa, ta kwashe gonakin da ba su riga sun yi tsiro ba. Ita wannan ja ce don ƙasarmu ce ta kusa, da rairayi da ledoji da komai. Ina da aikin mutane a shimfiɗe, kundi shida ba a ɗaure ba. Na ja ƙofa na murɗa makulli, ni da yarona da wasu mata biyu da suka fake muka tsaya muna kallon duniya na wucewa ta gilashi. A da, irin wannan rana sai in yi kwana biyu ina kakkaɓe takardu. Ruwan da ya biyo baya ya ɗan shigo ta layin taga, don ƙananan ramukan da aka huda na fitar ruwa sun toshe da ƙurar rani. Tsinken tsintsiya ya buɗe su. A tuna da su kafin ruwan farko.

Akwai wani lungu a waje tsakanin taga da ƙarfen kariya da tsintsiya ba ta kaiwa. Da gangan na bar shi. Bayan hunturu biyu abin da ya kwanta a wurin ya yi kaurin kwali, mai laushi, rawaya-rawaya, in ka yanka da reza bakin ya tsaya cak bai rushe ba. Duk lokacin da na kalle shi sai in tuna darasin wata ƙasa da littattafan jogarafi ke kira les, kalmar Jamusanci daga kwarin kogin Rayin, mu kuwa a tsakaninmu muna ce mata turɓayar iska. Ƙura ce irin wannan da ta yi dubban shekaru tana sauka a inda ciyawa ko danshi ya riƙe ta. Ta rufe kusan kashi 10 cikin 100 na doron ƙasa. A arewacin Sin akwai tudu guda nata mai faɗin murabba'in kilomita kusan 640,000, wajen birnin Lanzhou kaurinta ya haura mita 300, mutane na haƙa ɗakuna a jikinta su zauna, ita ce kuma ke rina Rawayen Kogi. Ba sai an je nesa ba ma. Wani masani mai suna Grant McTainsh ya auna ƙurar hunturu da ke sauka a Kano, ya nuna tana da hannu a ƙasar noman wannan yanki, kuma akwai irin wannan turɓaya a wajajen Zariya da Funtuwa.

Mahaifina manomi ne a wani ƙauye bayan Miriya. Da ya zo ganin shagon na nuna masa lungun nan ina ta bayani. Ya murza ƙurar a yatsa ya shinshina ya ce, "Kai yaro, wannan ai abincin gona ne kake kashe kuɗi kana kora." Su tun da can sun san shekarar da buɗa ta yi yawa gona na jin daɗi. Shi ya sa ba ya yarda a kwashe kara kaf bayan girbi, ba ya kuma bari a taɓa gawon da ke gonarsa. Gonar da aka share tas, iska ce ke yashe mata laushinta ta bar mata tsabar rairayi. Wadda aka bar wa kara da itace kuwa tana karya gudun iska, ta tare nata ta kuma karɓi na wasu. Aikin da ragar sauro ke yi a tagata ke nan, sai dai ni asara yake jawo mini. Mutanen Matamaye da Magariya da suka bar gawo ya cika gonakinsu sun riga mu gane wannan. Na ce, "Baba, injina ba ya cin taki." Ya ce to in tara masa a buhu.

Ga mai niyya, in sana'arka ta inji ce, fotokofi ko kwamfuta ko gyaran salula ko sayar da magani, ka sa, kuɗinka zai dawo ta wajen gyaran da ba ka yi ba. In ɗakin kwana ne kuma ba ka da tabbacin kuran, ka yi tunani sau biyu saboda zafi. Da zan sake, taga mai buɗewa kamar ƙofa zan sa, mai roba a kewaye da ke matsewa in an rufe, ko da ta fi tsada, don ta fi mai gudu toshewa nesa ba kusa ba. Ka tsaya a kansu ranar sawa. Ka ce a nuna maka buroshin kafin a zura. Kada ka cika kuɗi sai dare ya yi ka zagaya da tocila. Shi wannan maigida zan iya komawa wurinsa, don hannunsa na da kyau kuma da na kai kuka bai kore ni ba, sai dai bakinsa ya fi aikinsa gudu.

Saura robar ƙarƙashin ƙofa. Wata na biyar ke nan ana ce mini tana hanya daga Kano. Kafin ta iso, tsohon buhu na naɗe na ɗaure da zare, kowane dare in tura shi da ƙafa in toshe ratar kafin in sa kwaɗo. Jiya da safe na ɗaga shi na kakkaɓe, abin da ya zubo ya kusa cika murfin gora. Na juye a buhun Baba.